Agogon Lefe: Na Tsada Ko Na Araha?

Wadda ke tsakar gida tana tsintar shinkafa ta matso da rediyonta kusa, don maganar yau ta kuɗi ce.

Saƙo ne ya zo mana daga wata baiwar Allah a Darmanawa, nan ƙaramar hukumar Tarauni. Ta ce ɗanta na fari zai yi aure bayan Babbar Sallah, ita ce ke haɗa lefe. An yiwo atamfofi da leshi a Kantin Kwari, an sayi takalma da jakunkuna, saura sarƙa da agogo. Sai dillaliyar da ta saba kawo mata kaya ta zo da wani agogo mai ruwan gwal a cikin ɗan akwatinsa, ta ce daga Dubai yake, Rolex ne, za ta bar mata a naira 250,000, kuma kadara ne, ko bayan shekara goma aka sayar sai an ci riba. Kuɗin nan kuwa kwasar adashinta ce ta shekara guda cur. Ta ce abin da ke cin ranta, lefen ɗan abokiyar zamanta bara an sa irinsa, mata suka yi ta zancensa. Shi ne take tambaya, ta saya ko ta haƙura?

To Hajiya, Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a yi da mu. Kin yi daidai da kika tambaya kafin ki miƙa kuɗi, don mu da muke cikin gida, kaya ne ke zuwa ya same mu, ba mu ke zuwa mu same shi ba. Ba mu da damar zagaya rumfa biyar mu ji farashi. Abin da dillaliya ta faɗa, ko abin da aka turo a WhatsApp, shi ke nan.

Bari mu fara da aikin agogo na asali, wato faɗin lokaci. Agogo iri biyu ne. Akwai mai wani, irin na iyayenmu, wanda cikinsa ƙananan ƙarafa ne da waya a nannaɗe. Wani da hannu ake wana shi, wani kuma motsin hannunki ne ke wana shi. Akwai kuma mai batir. Shi wannan a cikinsa akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse da batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, da wannan karkarwar yake ƙirga lokaci. Kamfanin Seiko na ƙasar Japan ne ya fara fitar da irinsa na hannu a watan Disambar 1969, kuma a lokacin kuɗinsa ya kai na ƙaramar mota. Da ya yi araha ya bazu duniya, sai da masana'antar agogo ta ƙasar Suwizalan ta durƙusa, wajen kashi biyu cikin uku na ma'aikatanta suka rasa aiki tsakanin 1970 da tsakiyar shekarun 1980.

Ga abin mamakin. Rolex na gaske, kamfanin da kansa ya ce yana iya yin gaba ko baya da sakan 2 a rana, kin ga a wata zai iya kai minti guda ke nan. Shi kuwa ɗan baƙin Casio ɗin nan na roba da yaranmu ke ɗaurawa zuwa makaranta, wanda aka fara yi tun 1989, kuskurensa ba ya wuce sakan 30 a wata, batirinsa kuma yakan kai shekara 7. Ashe in don ki san lokacin ɗora tukunya ne, ko lokacin ba yaro magani, ko tashi sahur ranar da aka ɗauke wuta waya ta mutu, na arahar bai gaza na miliyoyin ba. Har ma akwai irin su Al-Fajr da alhazai ke yo tsaraba da su daga Makka, masu tuna miki lokacin salla, abin da Rolex ba ya yi.

To me ake saya a na tsadar? Kada mu yi musu rashin adalci. Ana sayen ƙwarewar maƙeri, da ƙarfe mai kyau, da ƙarko, sannan uwa uba suna. Da yawa cikinmu mun tashi mun ga Rado ko Seiko 5 a hannun iyayenmu maza, wani har yau yana aiki, an gaje shi kamar yadda ake gadon alkyabba. Wannan gaskiya ne. Amma mai wani yana son a riƙa buɗe shi ana wankewa ana sa masa mai. Rolex ma sun ce a kai musu nasu kamar duk shekara 10, kuma kuɗin wannan wankin kaɗai zai saya miki agogo masu batir da yawa. Ba kowane mai gyaran agogo da ke zaune da akwatin gilashinsa a Sabon Gari ne ke da kayan gyaran irinsa ba.

Yanzu mu dawo kan agogon dillaliyarki, Hajiya. Sabon Rolex mafi araha, na farin ƙarfe zalla wanda ko ɗigon gwal babu, ya haura dala 5,000. A canjin shekarar 2025 ya wuce naira miliyan 6. Saboda haka duk wadda ta kawo miki sabon Rolex a 250,000, ba sai an kira masani ba, jabu ne. Ban ce dillaliyar macuciya ce ba, wataƙila ita ma haka aka gaya mata. Amma kallon kitse ake wa rogo. Kuma a wajena wannan shi ne mafi munin ciniki: ba ki samu sauƙin na araha ba, ba ki samu ingancin na tsada ba.

Ni da nake wannan magana, sai da ta ci ni na sani. Lokacin auren ƙanena, muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi wajen Court Road, ni ce babbar ya, ni aka ɗora wa lefe. Don kada dangin amarya su raina mu, na sayar da 'yan kunnena na gwal na ciko, na sayi agogo mai suna. Ranar kai lefe aka ɗaga shi sama, aka yi guɗa, na dawo gida ina jin kaina. Ba a rufa shekara biyu ba, yarinyar nan ta zo haihuwa, aka ce sai an yi mata aiki, mijin kuma ba ya gari. Cikin dare aka tattara abin da za a iya sayarwa. Ɗan zoben gwal ɗin da mahaifiyarta ta ba ta, da safe aka ɗora a sikeli aka ƙirgo kuɗi. Agogon nawa kuwa, yaron da aka aika ya yini yana yawo da shi, ya dawo ya ce, "Yaya, wanda ya fi kowa tayi ko kuɗin jini leda ɗaya bai kai ba." Ruwan gwal ɗin ya koɗe saboda alwala da turare, batir ya mutu a ciki ya zubo. Allah ya taimaka aka sauka lafiya, amma har yau in na tuna 'yan kunnen nan sai na ji wani abu ya tokare ni.

Wannan ya kawo mu ga maganar kadara. Gaskiya ne akwai agogon da ke ƙara daraja. A 2019 an yi gwanjon wani Patek Philippe a birnin Geneva a kan kuɗin da ya kai wajen dala miliyan 31. Amma irin waɗannan 'yan ƙalilan ne, yawanci na maza, kuma sai da akwatinsu da takardunsu, sai kuma a kasuwannin da suka san su. Su ɗin ma farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabo zuwa farkon 2022, daga nan ya yi ta sauka, waɗanda suka saya don riba da yawa suka tafka asara. Gwal fa? A 2005 oza guda, wato giram 31 da ɗoriya, ba ta kai dala 550 ba; a watan Oktoban 2025 ta haura dala 4,000. Shi ma yakan sauka, ba na ce ba ya sauka ba, kuma in za ki sayar ana cire kuɗin ƙira. Amma yana da sikeli, yana da farashin giram da kowa ya sani, kuma 'yan gwal na Kasuwar Rimi za su karɓa ko yau ko gobe. Agogo ba shi da sikeli, sai abin da mai saye ya ga dama.

Don haka shawarata, Hajiya, ki raba kuɗin nan. Ki ware kaɗan, ki sa ɗanki ko ƙaninki ya je shagon da aka sani, ya sayo agogon mata mai batir na kamfanin da ke amsa sunansa, irin su Casio, Citizen ko Seiko, a karɓo rasit. A duba bayansa, a zaɓi na ƙarfen da ba ya tsatsa, don ya fi ruwan gwal jure wanke-wanke. A tambaya ko yana jure ruwa, kuma ko an ce yana jurewa, amarya ta riƙa cire shi in za ta yi wanki, kada ta fesa masa turare. In zai daɗe a akwati, a sa mai gyara ya cire batirin. Ragowar kuɗin, ko ɗan kunne ne ƙarami, ki sa mata na gwal na gaske. Ranar da ta shiga matsi, shi za ta ɗauka ta yi miki addu'a. Masu son yi wa maigida ko ango kyauta kuma, a tuna gwal ba ya halatta ga namiji ya ɗaura, a nemi na farin ƙarfe ko mai fata.

Na san za ki ce, to bakin mata fa? An ce araha ba ta ado. Haka ne, amma matan da za su zo ganin lefe yini ɗaya za su yi su watse, ke za a bari da zubin adashi. Wadda Allah ya hore wa, ta ci ta sha ta biya kuɗin makarantar yara, ta ga tana son agogo na asali don yana burge ta, ta saya, halalinta ne, sai dai ta san ado ta saya, ba ajiya ba. Wadda kuwa sai ta ci bashi ko ta sayar da gwal ɗinta, wallahi ina roƙonta ta tsaya daidai ƙarfinta. Ita kuma dillaliya, a mayar mata da kayanta cikin mutunci, a ce an gode, ba wannan karon ba.

Nan za mu dakata, lokaci ya yi mana halinsa. Hajiya ta Darmanawa, a gaida ango, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Sauran 'yan uwa, mai tambaya ta aiko, ƙofa a buɗe take. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.