Hantsi da Ƙashin Tsoho

Jama'a, ku saurara. Kowannenku yana da tsoho ko tsohuwa a gida, in kuwa Allah ya ja kwana, ku ma za ku tsufa. Kun sha ganin tsoho ya yi ɗan tuntuɓe ya faɗi, ƙashin kwatangwalo ya karye, daga nan bai sāke tashi ba. Akan ce tsufa ne. Gaskiya ne, amma akwai abin da za ku iya yi tun kafin a kai ga haka.

Ƙashi kamar gini yake. Tubalinsa wani abu ne da ake kira kalsiyam, wanda ke cikin nono, da madara, da kuka, da ƙananan kifaye waɗanda ake ci da ƙayarsu. Amma hanji ba ya iya ɗaukar isasshen tubalin nan sai da taimakon wani abu kuma, sunansa bitamin D. Wani masani a Amurka, McCollum, shi ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1922. In ya yi ƙaranci, ƙashi yakan yi taushi, ƙafafu su yi sanyi, mutum ya riƙa tangaɗi.

To, ina ake samunsa? Yawancinsa fatar jiki ce ke yinsa, sa'ad da hasken rana ya taɓa ta. Sa'an nan hanta da ƙoda su gyara shi, ya shiga aiki. Akwai shi kuma a cikin kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai.

Watakila wani ya ce, "Mu da rana ta yi mana yawa?" Ku lura. Fatar tsoho ba ta yinsa kamar ta yaro. Ga shi kuwa tsoho ne aka fi bari a ɗaki mai duhu, ya wuni lulluɓe da mayafi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan amfani.

Rana kaɗai kuma ba ta isa ba. A shekarar 1999 likitoci suka bayyana abin da suka gani a Jos: yara masu lanƙwasassun ƙafafu, waɗanda ba rana suka rasa ba, kalsiyam ne, da aka ba su kuwa suka sami sauƙi.

Saboda haka, kowace safiya ku fito da tsohonku ya sha hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, ku mai da shi inuwa kafin rana ta yi zafi. Ku kama hannunsa ya ɗan taka. Kada ku hana shi nono da ƙwai. Ƙwayar bitamin D kuwa, kada ku saya masa sai likita ya ce, gama yawanta yana ɓata ƙoda.

Abin da kuka yi wa iyayenku, 'ya'yanku suna kallo. Allah ya ba mu tsufa mai albarka, amin.