Zumunta a Ƙafa Take: In Dattijo Zai Tsallaka Iyaka, Ya Riƙe Hannun Jikansa

Gaisuwa ga makiyayan da ke jin mu a ruga ko a bakin rijiya, da 'yan kasuwar da ke tasha suna jiran mota ta cika, da direbobinmu, Allah ya kiyaye hanya. Shirinmu na yau na iyayenmu ne da suka aje aiki, da mu 'ya'ya da jikoki da kula da su ya rataya a wuyanmu. Ni yaro ne a gabanku, saboda haka abin da zan faɗa tuni ne kawai.

Ritaya dai iri-iri ce. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yakan aje aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki. Makiyayi ba wanda ke ba shi takardar sallama. Ranar da gwiwa ta ƙi bin shanu, sai ya miƙa wa ɗansa sanda. Ɗan kasuwa kuwa, ranar da ya bar wa yaransa rumfa da littafin bashi, ya yi tasa ritayar ke nan. Dukkansu sun sami abin da suka rasa shekara da shekaru, wato lokaci. Kuma da wuya ka sami ɗaya a cikinsu da ba shi da wata ƙanwa da aka kai aure Tasawa, ko wani yaya a Daura, ko ɗan goggo a Birnin Ƙonni, wanda kullum ake cewa za a je a gani, har yau ba a je ba.

Kun san dangi sun girmi iyakar nan. Layin da ya raba Nijar da Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906. Kafin nan Katsinawa sun riga sun kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa suna Tsibiri, suna kuma Sabon Birni. Layin ya bi ta tsakiyar gonaki da burtali da gidajen surukai. Muddin ana zuwa suna da biki da ta'aziyya, bai raba kowa ba. Amma mun ga yadda aka rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta a Agustan 2023 sai a Maris na 2024 aka buɗe. A waɗannan watanni an haifi yara ba a je suna ba, an yi rasuwa sai ta waya aka yi gaisuwa. Da yawa tun da ƙafa ta ɗauke ba ta koma ba.

To ga inda maganar take. Wanda ya san dangin nan ɗaya bayan ɗaya shi ne tsohon da ke zaune a ƙofar gida, da tsohuwar da ke cikin ɗaki. Su suka san wace ce ta shayar da wane, wane gida ne aka ba saniyar habbanaye shekara talatin da suka wuce, wane fatoma ne ya riƙe amanar kakanku a Damagaram lokacin da jari ya karye. Ba a rubuta wannan a takarda ba. Ranar da suka kwanta dama, sai ya bi su. Shi ya sa nake roƙon kowane dattijo da ya ƙudura wannan ziyara, kada ya tafi shi kaɗai. Baba, ɗauki jikanka. Inna, ɗauki jikanyarki. Yaron zai riƙe miki jaka, ya karanta allon hanya, ya duba lokacin shan magani. Ke kuma ki nuna masa ƙofa ki ce, nan gidanku ne. Gobe in shanunsa suka rasa ciyawa a nan, ko aka tsare masa kaya a can, ya san ƙofar da zai buga. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Yanzu bari mu zo kan shirin tafiyar, don jikin ɗan shekara 70 ba na ɗan 30 ba ne.

Na farko lokaci. A bar watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi da Sakkwato. Da damina kuma hanyoyin ƙauye na yankewa, mutanen gida suna gona tun asuba, rumbu ya yi ƙasa. Mafi dacewa shi ne kaka, bayan an kai amfanin gona gida. A lokacin ana da hatsi, ana da sukunin zama a yi hira. In tafiyar ta kai cikin hunturu, a tanadi bargo da abin rufe hanci saboda ƙura, musamman ga mai tari ko asma.

Na biyu takardu. Tun 1979 ƙasashen CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba biza har kwana 90. Amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ƙa'idojin bakin iyaka sukan canja. Saboda haka kafin a sa rana, a tura yaro ya tambayi jami'an shige da fice abin da ake nema yanzu, kada a dogara da labarin bara. A riƙe katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, da takardar tafiya, da katin rigakafin cutar shawara. In da jika ƙarami za a tafi, a ɗauki takardar haihuwarsa da shaidar yardar iyayensa. Kuma a bi ta ƙofa, ko Jibiya da Ɗan Isa, ko Illela da Ƙonni, ko Kwangwalam, ko Maigatari. Hanyar ɓarauniya a kan babur ba ta tsoho ba ce.

Na uku mota. Daga Katsina zuwa Maraɗi kusan kilomita 90 ne, daga Kano zuwa Damagaram ta Daura da Matamaye kusan 240. A baki kamar kusa, amma da shingayen duwan da kwastan da jandarma, yini na iya ƙarewa a hanya. 'Ya'ya, ku daure ku biya wa Baba kujerar gaba shi kaɗai. A kauce wa ranar kasuwa, kamar Lahadi a Illela da Mai'aduwa ko Alhamis a Maigatari, don ranar motoci sun fi son kaya a kan mutane. A yi sammako, a isa da rana tsaka. Kowa ya san halin da ake ciki a dazukan Jibiya da Madarumfa da Sabon Birni, don haka babu tafiyar dare. In la'asar ta same ku a wani gari, ku kwana. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu lafiya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai ishe shi har ya dawo, da ƙari na mako guda, a jakar hannu. Kada a ɗaure shi cikin kayan da za a ɗora a saman mota. A tafi da kwalin maganin, domin sunan da ke jikinsa a kemis ɗin Kano sau da yawa daban yake da na farmasin Maraɗi, amma likita yana ganin kwalin zai gane. Akwai kuma wata al'ada ta iyayenmu, su ƙi shan ruwa wai don kada su tsayar da mota. Wannan shi ke kawo jiri da faɗuwa. Baba, sha ruwanka. Direba, in tsoho ya ce a tsaya, ka tsaya, kai ma kana tafe. In an sauka sallah, ya ɗan taka kafin a koma mota, saboda kumburin ƙafa.

Na biyar kuɗi da tsaraba. A canja kuɗi a wurin wanda aka sani, a raba su gida biyu. A koya wa jikan da ya tashi da naira lissafin sefa: dala ɗaya tamma biyar ce, in an ce masa ɗari ana nufin sefa 500, jaka kuma 1,000. Tsaraba ta zama mai sauƙin ɗauka, irin su goro, turmin atamfa, sabulu, turare, dabino, cuku ko kilishi. Buhun hatsi kuwa a yi tambaya tukuna. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar sun hana fitar da gero da dawa da sauran hatsi zuwa waje, Najeriya kuma ta daɗe da hana shigo da shinkafar waje ta iyakar ƙasa. Abin kunya ne a sauke dattijo a shinge ana cacar baki a kan kyautar da ƙanwarsa ta ba shi.

To an isa lafiya, sai me? Ƙauye yana da nasa tsari. A fara da gidan mai gari ko arɗo, a gaisa, a faɗi ko su wane ne da gidan da aka sauka. A wannan zamani da ake zargin baƙuwar fuska, wannan kariya ce ga baƙo da mai masauki. Daga nan sai gidajen da aka yi rashi, kafin gidajen da aka yi haihuwa. Wanda ya yi shekara 35 a ofis a Kano ko Yamai ya tuna cewa ziyara ya zo. Kada ya kama gyara wa mutane zama, yana kushe ruwan rijiyarsu da rashin lantarki. Maganar gonar gado, in akwai ta, a bar ta sai wani zuwan. Wanda ya zo da ita ranar farko, shi ke nan an ce abin da ya kawo shi ke nan. Kuma baƙo raɓa ne. A faɗi ranar komawa tun da wuri, a sa wa uwargida wani abu a hannu na cefane ba tare da an yi shela ba.

Ku kuma masu masauki, ba sai an yanka abin da ba a da shi ba. Fura da nono, tuwo mai laushi, gidan sauro da shimfiɗa a inuwa sun ishi tsoho. Abin da ya fi nama shi ne ku tara yaranku da daddare su zauna da jikan da aka kawo. Ɗaya ya yi boko da Turanci, ɗaya ya yi lakwal da Faransanci, amma Hausa ko Fulatanci zai haɗa su. Tsofaffi su jero sunayen kakanni, yara su rubuta a littafi, ko su naɗi muryar a waya, su karɓi lambar juna. Waya tana riƙe zumunci ne tsakanin waɗanda suka taɓa cin tuwo a akushi ɗaya.

Jama'a, kowa ya dubi gidansu yau. In akwai tsoho ko tsohuwa da ke yawan ambaton wani gari a tsallake, kada a ce sai baɗi. Ku haɗa kuɗin mota tsakaninku, ku zaɓi yaron da zai raka, ku sa rana. A mako mai zuwa za mu karanto saƙonnin waɗanda suka yi irin wannan tafiya, mu ji abin da suka tarar a hanya. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya. A huta lafiya.