Ranar da Agatha Christie Ta Ɓace

Yau zancenmu kan Agatha Christie ne, Baturiyar Ingila, gwanar labaran kisa da bincike.

A Disambar 1926, ita kanta ta ɓace. An tsinci motarta a bakin wani rami, babu ita, babu labarinta. 'Yan sanda suka bazu, jama'a suka bazu. Bayan kwana 11 aka same ta a otal, a garin Harrogate, tana amsa wani suna daban.

A littattafanta, shafin ƙarshe yakan warware komai. Amma a tarihin rayuwarta da ta rubuta, ko ambaton kwanakin nan ba ta yi ba. Wannan shiru yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau.

Mu kwana nan.