Jawabi Kan Yaranmu Masu Galahanga

 

Maganar da za mu yi yau ta yaron da ya kai shekara 2 ko 3 bai fara magana ba ce. A kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya kallon idon uwarsa, ba ya nuna abin da yake so da yatsa, amma da an tayar da injin niƙa sai ya toshe kunne. To kun ga ba kurma ba ne ke nan. Mu nan Keana abin da muka saba shi ne a ce iska ce, ko sammu, ko kuma a ɗora wa uwa. Ana rubutu, ana hayaƙi, har shekaru su wuce.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim, Hausawa kuma galahanga. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi tun 1943 a kan yara 11. Da shi ake haihuwar yaro. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba. Rahoton 1998 da ya jawo wannan zargi an janye shi a 2010.

Abin da ke ɗaure wa iyaye kai shi ne babu gwajin jini da ke nuna shi. Mutum ya biya kuɗin mota zuwa Lafiya, likitan yara ya sa a auna ji, wataƙila ya tura shi Jos ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. A can ma tambayoyi ne, sai kallon yadda yaro ke wasa. Uba ya ga ba a rubuta allura ba, ya ce an ɓata masa ranar kasuwa. Alhali wannan kallon shi ne gwajin, kuma sau da yawa zuwa ɗaya ba ya isa.

Don haka, 'yan'uwa maza, a tafi da uwar yaron. Ita ta san watan da ya zauna, da ranar da ya daina cewa "baba". A riƙe katin asibiti, a ɗauki bidiyonsa a waya. Babu ƙwayar da ke warkar da shi, duk mai cewa yana da ita ciniki yake yi, mu kuwa mun san ciniki. Koyar da magana da wuri shi ke taimako.

Muna roƙon kwamiti ya ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin motar irin waɗannan iyaye, a kawo batun a zama mai zuwa. Addu'a kuwa ba mu ce a bari ba.