Turancin Fim da Rubutun Kwalin Magani

 

Tun fitowar Turmin Danya a Kano a 1990 finafinan Hausa ke ƙetaro iyaka suna shiga gidajenmu a Garuwa da kewaye, yau ga Daɗin Kowa da Labarina a cikin waya. Ku kasa kunne ga maganar 'yan wasa, za ku ji Hausa ce aka yayyafa mata Turanci, wato Ingausa. Da gangan ake yin haka. In marubuci na son nuna ɗan boko ko mai kuɗi ko likita, sai ya sa masa Turanci a baki don a gane matsayinsa.

To mu nan da Fillanci muke ciniki, da Faransanci ake rubuta mana takardar asibiti. Da yawa cikinmu a fim muka tsinci ɗan Turancinmu. Sai likitan fim ya dubi mara lafiya sau ɗaya ya ce olsa ce, ko taifot, ko BP, wato hawan jini. Mai kallo ya ji irin ciwonsa ne, ya zarce wajen mai sayar da magani a tebur. Jama'a, likitan fim sauri yake labari ya ci gaba. Hawan jini sai an auna, taifot da zazzaɓin cizon sauro sai an gwada.

Magani da yawa ta Najeriya yake shigo mana, rubutunsa duk Turanci. Ku riƙe waɗannan. MFG ranar da aka haɗa shi ce. EXP ranar da ƙarfinsa ke ƙarewa. In kun ga 03/2024, daga ƙarshen watan Maris na 2024 ya tashi aiki. Ku duba lambar NAFDAC, hukumar kula da magunguna da Najeriya ta kafa a 1993, amma ku sani masu jabu ma suna buga lamba. Maganin tari mai kodin kuwa, tun 2018 Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Tiramol kuma ba a shan sa sai da takardar likita.

Manoman auduga masu aiki da Sodecoton, ku ma ga taku. Hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a jikin galan na nufin guba. Ko an wanke shi, kada a zuba ruwan sha ko man gyaɗa a ciki.

Magani a saya a kantin da ke da alamar kuros kore. Abin da ba ku gane ba, ku ce mai harhaɗa magani ya karanta muku da Hausa ko Fillanci, ya faɗa muku ƙwaya nawa, sau nawa a rana, kwana nawa. Iyaye mata, kafin ku ba yaro ko cokali ɗaya, ku tambaya.