Dutse Mai Aman Wuta Da Ruwan Zafin Azbin: Amsa Ga Mai Sauraro Daga Bugaje

 Takardar da muka ɗauko yau ta fito ne daga Bugaje, cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, dab da iyakar Nijeriya da Nijar. Wanda ya aiko ta dattijo ne, manomi, yana kuma taɓa fataucin hatsi tsakanin Jibiya da Maraɗi. Ya roƙa a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Wai ɗansa ya nuna masa wani hoto mai motsi a wayar hannu, ya ga Turawa sun yi jerin gwano cikin duhu, kowa da tocila, wani ɗan ƙasa yana gabansu, suna hawan wani dutse mai hayaƙi. Suka kai bisa, rana ta ɓullo, suka sauko suka faɗa cikin wani ruwa mai tururi suna wanka. Shi ne yake tambaya, shin wannan abu gaskiya ne ko haɗin 'yan majigi? In gaskiya ne, duwatsun da ke ƙasarsu za su iya yin wuta wata rana? Sa'an nan ya kawo babbar damuwarsa. Ya ce shekara huɗu ke nan gwiwoyinsa suna hana shi barci, direbobin da ke zuwa Agadas kuma sun ce masa akwai irin wannan ruwa a Tafadek, duk wanda ya shiga sai ya warke. Har ya fara tunanin ya sayar da sa guda daga cikin shanunsa biyu na huɗa ya yi guzuri.

To Malam, sannu da jiki, Allah Ya ba da lafiya. Abin da ka gani gaskiya ne. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi yin irin wannan hawa shi ne dutsen Batur, a tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, ƙasar nan da kuke haɗuwa da alhazanta masu yawa a Makka, ko da yake su mutanen Bali yawancinsu addinin Hindu suke bi. Tsayin dutsen mita 1,717 ne daga doron teku. Baƙi kan tashi wajen ƙarfe 3 ko 4 na dare, su yi tafiyar kamar awa biyu, don ketowar alfijir ta same su a bisa. Akwai ramukan da tururi ke fita, 'yan jagora su tura ƙwai da ayaba a ciki, su dahu, a ba baƙi su karya kumallo. In an sauko sai a wuce wani ƙauye a bakin tafki, Toya Bungkah, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa, a gasa ƙafafun da suka gaji. Sana'a ce sosai, mutanen ƙauyukan da ita suke ci da iyalansu.

Yanzu ina wutar take fitowa? Masana ilmin ƙasa sun ce wannan ƙasa da muke takawa kamar ɓawo ce a kan abu mai tsananin zafi. Duk nisan da aka yi ƙasa, zafi ƙaruwa yake yi, kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita guda. Don ka gane lissafin, jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, ruwa kuma yana tafasa a digiri 100. A wasu wurare can ƙasa dutse kansa narkewa yake yi, kamar yadda ƙarfe ke yi a maƙera. Inda ɓawon ya tsage, sai narkakken dutsen nan ya sami hanya ya yi sama, tare da toka da iska mai guba. Shi ake kira dutse mai aman wuta. Batur ya yi aman da ya binne ƙauyen da ke gindinsa a 1926, har mutanen suka tashi suka koma kan tudu. Ya sake motsawa a shekarar 2000.

Kada ka ga hoton ka ce wasa ne. Ran 3 ga Disamba 2023, a can Indunusiya ɗin, wani dutse mai suna Marapi a tsibirin Sumatra ya tashi ba zato, masu hawa 75 suna kansa, fiye da 20 suka rasu. Alhali kuwa tun 2011 hukuma ta ce kada a matsa kusa da bakin ramin ƙasa da kilomita 3. Ka san ayari ba ya shiga Sahara ba madugu, to haka ma ɗan jagora yake a nan, shi ya san turba cikin duhu, ya san inda ƙasa ke zaftarewa. Amma ilminsa a kan hanya ya tsaya. Ranar da dutse zai tashi, sai dai na'urorin hukuma su ba da alama, wani lokaci ma ko alamar babu.

Sai tambayarka ta biyu. Kwantar da hankalinka, Malam, ka ci gaba da nomanka. Duwatsun ƙasar Katsina, da irin su Kwatarkwashi a Zamfara da Kufena a Zariya, tsofaffi ne ƙwarai, masana sun ce sun haura shekara miliyan 500 da sandarewa, kuma a can ƙarƙashin ƙasa suka huce, ruwa da iska suka tone su daga baya. Babu wata hanyar wuta a ƙarƙashinsu. A Nijeriya akwai inda aka taɓa yin aman wuta a zamanin da, kamar tsaunukan Biu a Barno, inda tafkin Tila yake zaune cikin tsohon rami, da wajen Kerang da Panyam a jihar Filato. Duk sun daɗe da yin shiru. Abin da suka bari shi ne ƙasa mai albarka, domin tokar dutse in ta ruɓe taki ce. Wannan shi ya sa manoma ba su gudun gindin irin waɗannan duwatsu ko a Indunusiya.

Wanda ke da rai kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, a bisan garin Buya, mai tsayin mita 4,040 ko sama da haka kaɗan. Ya yi amai a 1982, da 1999, da 2000. Amma abin da ya fi girgiza mutane a Kamaru ba wuta ba ne. Daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos, wanda ke cikin ramin wani tsohon dutse kusa da iyakar Nijeriya, ya saki wata iska mai nauyi da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwa. Ta gangaro cikin kwari, mutane suna barci. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500, cikinsu har da Fulani makiyaya da garkunansu. Masu yasar rijiya sun san irin wannan iska, ita ce wadda in aka zura fitila cikin tsohuwar rijiya sai ta mutu. Daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Ruwan wannan yanki yana gangarowa ne kogin Katsina-Ala, wato ta jihar Binuwai, ba Katsinarku ta Dikko ba, kada wani ya ji suna ya tayar da hankalinsa.

To mu zo ga ruwan zafi, wanda shi ne maganar kuɗinka da gwiwarka. Direbobi ba su yi maka ƙarya ba game da wurin. Tafadek tana nan arewa da Agadas, cikin duwatsun Azbin, kuma tun kaka da kakanni Buzaye da Hausawa da Larabawa suke zuwa can wanka don neman sauƙi. A Nijeriya ma akwai irinsa. Akwai Wikki a gandun dajin Yankari cikin jihar Bauci, ruwa garau mai ɗumin digiri 31 dare da rana, rani da damina. Akwai wanda ake kira Ruwan Zafi a Lamurde ta jihar Adamawa, akwai na Akiri a jihar Nasarawa, akwai kuma Ikogosi a jihar Ekiti, inda mai ɗumi da mai sanyi suke haɗuwa wuri guda.

Asalin wannan ruwa kuwa, ruwan sama ne. Yakan nutse ta tsagar duwatsu ya yi nisa ƙasa, ya ɗauki zafin can, sa'an nan ya sami wata tsagar ya dawo sama kafin ya huce. Ba lalle sai da dutse mai aman wuta ba, Yankari ai babu ko ɗaya. A hanyarsa yakan kwaso gishiri-gishiri, wani da kanwa, wani da farar wuta, shi ya sa za ka ji wani yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Farar wutar nan ita ce dai wadda 'yan koli ke sayarwa ana shafa wa ƙazwa, saboda haka ba mamaki mai ƙaiƙayin fata ya ji dama.

Yana warkarwa? Nan fa sai ka saurara da kyau. Zafi yana sassauta jijiyoyi, yana sa jini ya gudana, ruwa kuma yana ɗauke wa gwiwa nauyin jiki. Mutumin da ya bar gona da kasuwa, ya yi mako guda yana hutawa yana shiga ruwan ɗumi safe da yamma, lalle zai ji sauƙi, kuma in ya dawo ya ce ya ji sauƙi ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ciwon gwiwa na manya, yawancinsa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya cinye saboda shekaru da aiki. Ruwa ba ya mayar da shi. In an dawo aka koma ɗaukar buhu da tsugunno, bayan 'yan makonni ciwon yakan dawo. Haka kuma ruwan ba ya maganin hawan jini, ko ciwon sukari, ko shanyewar ɓarin jiki, duk da ana kai masu irin waɗannan.

Wasu ma yana iya yi musu illa. Ruwa mai zafi sosai yana sa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura cewa wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta, da yawan kunun kanwa, suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, su kumbura. To dattijo mai hawan jini ko raunin zuciya, in ya daɗe cikin ruwan zafi, jiri na iya ɗibarsa ya faɗi a ciki. Mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ta daina ji yakan ƙone bai sani ba. Mace mai ciki ma ba a so ta shiga. Duk wanda zai shiga, ya fara taɓawa da hannu, kada ya wuce minti 10 zuwa 15 a zama guda, ya sha ruwan sha mai yawa, wani nasa yana kusa. Kada ya nutsar da kai ruwan ya shiga hanci, kada ya shiga da buɗaɗɗen miki, kada kuma ya ɗura wa cikinsa ruwan don an ce magani ne.

Saboda haka shawararmu, Malam, kada ka raba shanun nan. Sa guda ba ya jan garma, kai ka fi mu sani, in kuwa damina ta faɗi kana neman hayar shanu, to ga ciwon gwiwa ga ciwon aljihu. Ka duba nisan kuma. Daga Jibiya sai Maraɗi, daga nan ko ka bi ta Damagaram da Tanut, ko ta Ƙonni da Tawa, kafin ka ga Agadas, sa'an nan a nemi motar da za ta shiga cikin duwatsu. Kwana da kwanaki ne a takure cikin mota, abin da gwiwa ba ta so, ga canjin sefa, ga sha'anin tsaro a hanya. Ka tuna ma a 2023 an rufe iyakar nan taku bayan juyin mulkin Nijar, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe, matafiya da yawa suka sha wuya.

Abin da ya fi, ka fara zuwa babban asibitin Jibiya, ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, a auna jininka da sukari, a duba gwiwar, in da hali a ɗauki hotonta. In ta kumbura ta yi ja, tana zafi, ga zazzaɓi, wannan kada ka kwana da shi. In kuwa na shekaru ne, to rabin abin da Tafadek za ta ba ka yana nan cikin tukunyar gidanka. A ɗumama ruwa daidai yadda hannu zai jure, a tsoma tsumma a riƙa gasa gwiwar safe da dare. Ka riƙa miƙe ƙafar kana lanƙwasawa kana zaune bisa kujera, ka riƙe sanda in za ka yi nisa, buhu kuma ka bar wa yara. Likita ko malamai za su gaya maka yin salla a zaune ya halatta ga wanda ruku'u da sujada ke wahalarwa. Ka kuma yi hattara da ƙwayoyin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda ana yawo da su ranar kasuwa, yawan shansu yana cin ciki, yana lalata ƙoda.

In Allah Ya hore maka bayan kaka, ka sayar da amfanin gona, likita ya ce zuciyarka lafiya lau, kana kuma sha'awar ka ga ikon Allah da idonka, to Yankari ta fi maka kusa da sauƙi, ba canjin kuɗi, ba ƙetare iyaka, ruwanta kuma ɗumi ne kawai, ba ya ƙuna. Wataƙila ma ka dace da ganin giwaye. Ka gai da mutanen Bugaje, da na Magama, da 'yan kasuwar Jibiya baki ɗaya. Sauran takardun da suka iso, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.