Jawabi Ga Malamai: Tsakanin "I" Da "Yes"



Idan muka ce wa ɗalibi, "Ba ka gama aikin ba?" ya amsa da "I", mun san bai gama ba, domin Bahaushe maganar mai tambaya yake gaskatawa. Bature kuwa abin da ya faru yake dubawa: muddin bai gama ba, "No" zai ce, ko yaya aka juya tambayar.

Saboda haka yaron da muka tambaya, "You didn't take it?" ya ce "Yes, sir", musantawa yake yi, amma a Turance amsa laifi ya yi. Yara nawa muka zane a kan wannan?

Mu koya musu cika amsa: "No, I didn't." Kafin hukunci kuma, mu maimaita tambayar da Hausa.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa.